Ƙofar kanti ta yi min ihu a Legas: labarin ƙarfe mara sahu da hasken da ke karanta shi

Watan jiya na shiga wani babban kanti a Legas sayen man shafawa da batir. Na biya kuɗina, yarinyar da ke kan na'ura ta zuba min a leda, na nufi waje. Ina sa ƙafa tsakanin allunan nan biyu da ke tsaye a bakin ƙofa sai ƙara ta tashi, jar fitila na walƙiya. Kafin in waiga mai gadi ya cafke min hannun riga yana kiran "aboki". Duk wanda ya zauna a Kudu ya san abin da ke faɗo wa mutum a rai a irin wannan lokaci. Mutum ɗaya ya ce "ole", shi ke nan, sauran bayani sai a gadon asibiti. Na ci sa'a rasit na hannuna. Aka zazzage ledar, aka mayar da kwalbar man wajen mai karɓar kuɗi, ta goga ta a kan teburinta, na sake wucewa, ƙofa ta yi tsit. Ko "yi haƙuri" ban samu ba.

Da na koma masauki sai na ga wata 'yar farar roba mai tsawon gaɓar yatsa biyu manne a gindin kwalbar. Na sa reza na farke ta. A ciki akwai 'yan siraran ƙarafa kwance a kan juna. Ɗaya na sheƙi kamar takardar cikin kwalin sigari, amma in ka lanƙwasa shi sai ya miƙe da kansa, in ka matsa masa ya karye ƙas kamar kwalba. Ni dai ɗan fataken shanu ne, a sakandare na tsaya, amma abin ya tsaya min a rai, na yi makonni ina bin sa a waya tsakanin saukar tirela da tirela a Kara. Abin da na gano ya wuce maganar ƙofar kanti nesa ba kusa ba, shi ya sa na ce bari in kawo shi nan.

Ƙarfen da bai samu damar yin sahu ba

Kowane ƙarfe tarin ƙwayoyin zarra ne, wato atom, waɗanda ido ba ya gani. In aka narka ƙarfe aka bar shi ya huce a hankali, ƙwayoyin sukan jeru reras kamar ƙwai a kiret. Sai dai jerin ba daga wuri ɗaya yake farawa ba. Nan ya fara, can ya fara, kowane rukuni da inda ya fuskanta, inda suka haɗu kuma sai a samu iyaka. Ka duba sabon bokitin ƙarfe ko kwanon rufi mai ruwan tutiya, za ka ga wasu zane-zane kamar ganye. Waɗannan rukunonin ne da iyakokinsu, sun yi girman da ido zai gani.

Gilashi shi ba haka yake ba. Ƙwayoyinsa a cakuɗe suke kamar na ruwa, sun dai daskare ne kawai. To a 1960 wani malami a jami'ar Caltech ta Kalifoniya a Amurka, Pol Duwez, da ɗalibansa biyu suka yi wa ƙarfe irin wannan. Sun haɗa zinare da silikon, suka harba ɗigon narkakken a kan ƙarfe mai sanyi, ya huce da saurin da ya kai digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa guda. Ƙwayoyin ba su samu sukunin jeruwa ba, kowace ta daskare inda take.

Ni da shanu na fahimci abin. In 'yan lodi sun samu lokaci, haka za su jera maka shanu a tirela tsaf, kowace da gurbinta. Amma ka duba Kara da safe bayan an sauke, wannan ta kalli gabas, waccan ta ba ta baya, maraƙi ya kutsa tsakani. Da a ce za a daskarar da su nan take yadda suke, to ka samu hoton wannan ƙarfe. Ni zan riƙa kiran sa ƙarfe mara sahu.

Yau ana yin sa da yawa. Ana zubo narkakken haɗin ƙarfe da boron da silikon a kan wata tayar jan ƙarfe mai gudu, sai ya fito kamar kirtani mai faɗi, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin arba'in na milimita. Irinsa ne na farke.

Me ya haɗa shi da maganaɗisu?

'Yan'uwanmu 'yan gwangwan sun fi kowa sanin mayen ƙarfe, da shi suke raba baƙin ƙarfe da alminiyam da tagulla. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, kowace ƙwayar baƙin ƙarfe ita kanta ɗan ƙaramin maganaɗisu ce mai kai da wutsiya. Sukan haɗu garke-garke, kowane garke ya fuskanci gefe guda. A cikin ƙusa garkunan sun sha bamban, ƙarfinsu ya kashe juna, shi ya sa ƙusa ba ta jan 'yar'uwarta. Ka kawo maganaɗisu kusa, sai su juyo gaba ɗaya.

A ƙarfe mai sahu juyawar nan da wahala take, don iyakokin nan da na faɗa suna tare hanya kamar shinge, kuma shi kansa sahun yana da gefen da ya fi so. A mara sahu babu shinge, babu gefen da aka fi so. Ɗan ƙarfi kaɗan ya isa ya juya su.

Nan taransifoma ta shigo. Wutar da ake ba mu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, wato cikin taransifomar unguwa garkunan nan na juyawa sau 100 kowace daƙiƙa, dare da rana, ko da ba wanda ya kunna ko ƙwan fitila. Kowace juyawa na cin wuta ta mayar da ita zafi. Taransifomar da aka naɗa cikinta da kirtani mara sahu tana rage wannan asara da kusan kashi 70 cikin 100, shi ya sa Indiya da Chaina suka girka su da yawa. Amma kada wani ya ɗauka ita ce maganin taransifomarmu da ke ƙonewa duk damina a yi ta karo-karo. Waccan lodi ne ya fi ƙarfinta. Ita mara sahun ma ta fi girma, ta fi tsada, ta fi gurnani.

Ita kuwa 'yar robar kanti dabararta daban. Wannan ƙarfe in maganaɗisu ya taɓa shi yakan ɗan miƙe, in ya sake shi ya koma. An yanka shi daidai tsawon da zai yi rawa sau 58,000 a daƙiƙa. Allunan ƙofa suna aiko bugu a kan wannan ƙidaya, su yi shiru su saurara. In akwai kirtanin a kusa zai ci gaba da amsawa na ɗan lokaci, kamar tasa da aka buga aka ɗauke hannu. Ɗayan ƙarfen da ke kwance tare da shi ɗan maganaɗisu ne da ke riƙe shi a kan wannan murya. Abin da teburin mai karɓar kuɗi ke yi shi ne kashe wancan maganaɗisun. In ta yi sauri, ko kayan bai kusanci wurin ba, to ka biya kuɗinka amma robar na nan da ranta. Don haka in ta faru da kai, kada ka ruga, kada ka ɗaga murya. Ka tsaya cak, ka ɗaga rasit sama kowa ya gani, ka ce a koma tebur. Kuma don Allah a daina jefar da rasit tun kafin a fita.

Shafen da ya fi gashi siranta sau dubbai

Kirtanin nan duk sirantarsa ƙato ne a kan wanda ya fi ɗaukar hankalina. Akwai wanda ba a zuba shi, shafa shi ake yi. Ana sa faifan roba a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, a ajiye dunƙulen ƙarfe a gabansa, a saki 'yar iskar argon, a ba ta wuta. Ƙwayoyin argon su riƙa dukan dunƙulen suna ɓantaro ƙwayoyinsa ɗai-ɗai, su kuma su je su sauka a kan faifan kamar ƙurar hunturu a gilashin mota. Da yake faifan da sanyi, duk wadda ta sauka nan take maƙalewa, babu zancen sahu. Kaurin shafen 'yan gomomin nanomita ne. Milimita ɗaya nanomita miliyan ce, silin gashin mutum kuwa ya kai nanomita 70,000.

A 1973 wasu mutum uku a kamfanin IBM na Amurka, Praveen Chaudhari da Jerome Cuomo da Richard Gambino, suka yi irin wannan shafe da gadoliniyom da kobalt, suka ga abin da ba a zata ba. A al'ada maganaɗisun siririn abu kwanciya yake yi a tsawonsa, kamar allurar kamfas. Nasu sai ya miƙe tsaye, kai sama ko kai ƙasa. Kuma fa abu ne mara sahu, wanda bai kamata ya san sama da gefe ba. An yi kusan shekara ashirin ana muhawara a kai, kafin a auna a ga cewa garin sauka ɗaya kan ɗaya, yadda ƙwayoyin ke maƙwabtaka ta sama ya ɗan bambanta da ta gefe. Ashe cikin hargitsin ma akwai ɗan tsari. A 1995 gwamnatin Amurka ta ba su lambar yabo ta fasaha a kan wannan aiki.

Amfanin tsayuwar a fili yake. Ɗigo mai kai sama ya zama 1, mai kai ƙasa ya zama 0, kuma abin da ke tsaye bai cin wuri kamar na kwance. Kowa ya san mutum ɗari a tsaye sun fi shiga ɗaki a kan mutum ɗari a kwance.

Haɗin da aka ƙare a kansa shi ne tabiyom da baƙin ƙarfe da ɗan kobalt. Tabiyom da gadoliniyom suna cikin ma'adinan nan da ake kira masu wuyar samu. A wannan haɗi ƙwayoyin tabiyom da na baƙin ƙarfe ba sa kallon gefe ɗaya. In na ƙarfe sun kalli sama, na tabiyom ƙasa za su kalla, kamar bijimai biyu da aka ɗaure da igiya ɗaya kowa na ja nasa gefen. In sanyi ya yi yawa tabiyom ke rinjaye, in zafi ya hau ƙarfinsa ya fi saurin zubewa sai baƙin ƙarfe ya rinjaya. A tsakani akwai inda suke yin kunnen doki. Daga waje sai ka ce babu maganaɗisu a wurin sam, don haka wani maganaɗisun da ya zo daga waje bai da inda zai kama ya juya su. Abin da aka rubuta ya kafe ke nan.

A nan ne rashin sahu ya biya kuɗinsa. Ƙarfe mai sahu yana da gurabe ƙidayayyu, ba kowane awo yake karɓa ba. Mara sahu kuwa kamar haɗa dusa da kowa ne, yadda ka so za ka auna. Sai masu yin faifai suka riƙa ƙara tabiyom suna ragewa, wajen ƙwaya ɗaya cikin huɗu ko biyar, har kunnen dokin ya faɗo daidai zafin ɗaki.

To in maganaɗisu ba ya jin sa, wa zai karanta?

Haske. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba ni wahala, sai da na je wajen wani yaro mai sayar da tabarau a go-sulo.

Haske kaɗawa yake yi yana tafiya, kamar igiyar da ka ɗaure a turke kana girgiza bakinta. Kana iya girgiza ta sama da ƙasa, kana iya yi dama da hagu. In igiyar ta ratsa tsakanin sanduna biyu na tsaye, kaɗawar sama da ƙasa za ta wuce, ta gefe kuwa ta mutu a nan. Akwai baƙin tabarau na direbobi mai kashe ƙyallin titi, aikin sandunan nan yake yi. Ka samu na gaske, ka kalli fuskar kalkuleta ko na'urar POS ta cikinsa, ka riƙa juya shi a hankali. Za ka kai inda fuskar za ta yi baƙi ƙirin. In bai yi ba, jabu aka sayar maka.

A 1845 Michael Faraday a Landan ya ratsa haske ta cikin wani gilashi mai nauyi da ya sa tsakanin maganaɗisu, ya ga gefen da hasken ke kaɗawa ya murɗe. A 1877 John Kerr na Gilasgo ya nuna cewa ko haske bai ratsa ba, in ya daki gogaggen bakin maganaɗisu ya dawo, yakan murɗe. In kan maganaɗisun na kallonka ya murɗe ta nan, in wutsiya ce ya murɗe ta can.

Murɗawar fa 'yar mitsitsiya ce. A shafen tabiyom wajen kashi uku cikin goma na digiri ɗaya ce. Doguwar allurar agogo tana tafiyar digiri shida a minti, wato abin da take matsawa a daƙiƙa uku ke nan. Shi ake so na'ura ta gane alhali faifai na gudu. Da shafen mai sahu ne, iyakokin rukunoninsa za su riƙa watsa hasken, 'yar murɗawar ta ɓace cikin hayaniya, kamar mai raɗa a tsakiyar Mile 12. Mara sahu sumul yake ko'ina, raɗar na fita. Sannan ga wata sa'a: hasken leza da ake amfani da shi kusan ƙwayoyin baƙin ƙarfe da kobalt kaɗai yake gani, bai damu da tabiyom ba. Bijiman sun yi kunnen doki, amma shi ɗaya kawai yake kallo, ya san inda ya fuskanta.

Faifan da ake rubutawa da zafi

Saura rubutu. Abin da ya kafe haka ta yaya za a canza shi? Da zafi. Kowane ƙarfe mai maganaɗisu yana da zafin da in ya kai ƙwayoyinsa sukan rikice su saki layi, ana kiran sa da sunan Pierre Curie na Faransa. Na baƙin ƙarfe digiri 770 ne a ma'aunin Salshiyas. Na gadoliniyom wajen 20 ne kacal, wato a sanyin Jos maganaɗisu zai cafke shi, a zafin Legas da rana sai dai ya ɗan ja shi sama-sama. Na shafen faifai an daidaita shi wajen 180.

Wanda ya fi shahara shi ne MiniDisc na kamfanin Sony, da ya fito kasuwa a ƙarshen 1992. Ɗan faifai ne mai faɗin milimita 64 a cikin gidan roba, yana ɗaukar sauti na minti 74, daga baya 80. Manyanmu da suka yi hulɗa da 'yan jaridar rediyo a shekarun 2000 za su tuna shi, kuma har yau akan tsince shi cikin kayan tokumbo a Alaba. In ana ɗauka, leza daga ƙasa tana gasa ɗigon da bai fi kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, wani ɗan maganaɗisun lantarki daga sama yana juya kai da wutsiya daidai da sautin. Faifan na wucewa da gudun mita ɗaya da 'yan kai a daƙiƙa, ɗigon ya huce nan take, ya daskare a gefen da aka nuna masa. Maƙwabtansa da ba su ji zafi ba ko gezau. In an zo saurare sai a rage ƙarfin lezar, ta haska kawai ba ta gasa ba.

Ni abin ya tuna min da yi wa saniya lamba, ƙarfe mai sanyi ba ya barin shaida. Bambancin shi ne wannan lambar ana gogewa a sake, Sony ta ce har sau miliyan. Kaset kuwa, wanda ya taɓa ajiye shi a kan lasifika ya san yadda murya ke dusashewa. Shi wannan faifai maganaɗisun lasifika bai isa ya taɓa shi ba. Raunin tabiyom ɗaya ne, tsatsa, yana ganin iska ya lalace. Shi ya sa ake rufe shafen ciki da waje da wani siririn gilashi na silikon da naitirojin, a sa alminiyam a baya ya zama madubi. Rufin nan ma yana sa hasken ya yi ta kai da komo a ciki, murɗawar ta ƙaru.

Kasuwa dai ba ta duba wayo. Memori da MP3 da waya suka zo da araha, ba abin da ke juyawa a cikinsu. Sony ta daina yin na'urorin a 2013, a Fabrairun 2025 kuma ta daina yin faifan da kansa. Amma shafen bai mutu ba. A 2007 masana a jami'ar Radboud da ke Nijmegen a Holan suka juya maganaɗisun shafen gadoliniyom da ƙarfe da kobalt da walƙiyar leza kaɗai, ba tare da wani maganaɗisu daga waje ba. Tsawon walƙiyar femtosakan 40 ne, femtosakan ɗaya kuwa sai ka raba daƙiƙa gida miliyan, ka ɗauki ɗaya ka sake raba ta gida biliyan. Har yanzu a ɗakin bincike abin yake. Wanda ya riga ya shigo hannunmu shi ne shafen kobalt da ƙarfe da boron, wanda shi ma mara sahu ake shafa shi, yana cikin ɗan kan da ke karanta hadis ɗin kwamfuta. Dabarar gasa ɗigo da leza kafin a rubuta ma ta dawo a sababbin hadis na Seagate masu terabait 30.

Tambayar 'yan gwangwan

Da na ba wani abokina ɗan gwangwan wannan labari a Agege, bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, "To malam, nawa ne kilon tabiyom ɗin?" Tambayar ba ta banza ba ce. Ma'adini ne mai tsada, kusan duk tace shi a Chaina ake yi, kuma a Afrilun 2025 Chaina ta sa tabiyom da gadoliniyom cikin guda bakwai da ba a fitar da su sai da lasisi. Mu ma a tarkacen kuzar Jos akwai yashin monazait mai ɗauke da dangin waɗannan ma'adinai, sai dai yana tare da toriyom mai fitar da tururin nukiliya, ba abin tarawa a ɗakin kwana ba ne.

Amma batun faifai, na zauna na buga lissafi da faɗinsa da kaurin shafen. Tabiyom ɗin da ke cikin MiniDisc guda bai wuce miligiram ɗaya ba, ƙwayar shinkafa ɗaya ta ninka shi sau ashirin. Sai ka tara faifai sama da dubu kafin ka haɗa giram guda, shi ma a cakuɗe da ƙarfe, manne a roba, ba mai saye. Wanda ya ƙona su don ya fitar da wani abu hayaƙin roba kawai zai shaƙa. In ka kara mayen ƙarfenka ka ji ya kama, ɗan ƙarfen tsakiya ne da injin ke riƙe faifan da shi. In faifan da na'urarsa suna da lafiya, gara ka kai wa masu tsofaffin kayan sauti, akwai masu nema.

Abin da ke da ɗan nauyi a tsohuwar kwamfuta shi ne lanƙwasassun maganaɗisun nan biyu masu sheƙi da ke kusurwar hadis. Na niyodimiyom ne, su masu sahu ne, kuma in za ka raba su ka zame ɗaya ta gefe, kada ka sa yatsa a tsakani.